Buhun shinkafa yana ƙarewa, bashi yana nan

 Maganata yau da ƙungiyoyinmu na sa-kai ce, masu raba abinci a unguwanni, musamman idan azumi ya kama. Allah Ya saka muku da alheri, akwai gidajen da ba don ku ba da tukunya ba ta hau murhu ba. Sai dai akwai abin da kullum ake tsallakewa a wannan aiki, shi ne bashi.

Baƙon da ya bi ta gadar ƙasa da Shugaba Buhari ya buɗe a nan Ƙofar Kaura, cikin birnin Katsina, a Janairun 2023, ya ga shaguna da fitilu, zai ɗauka unguwar masu hali ce. Ya daure ya shiga lungu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, magidancin da ke awon wata ya koma awon kwano, daga kwano ya koma "ba ni gwangwani biyu, rubuta." Ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Jibiya da Safana, sun raɓe a gidajen dangi, baki ya ƙaru, samu bai ƙaru ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

To, ku bi buhun da kuka bayar ku ga inda yake tafiya. Baiwar Allah ta sha layi ta karɓo shi, kafin ta sauke mayafi yaron mai shago ya yi sallama, uwar adashi ta aiko, mai gida yana maganar kuɗin haya. Dole ta auna rabi ta sayar a kan araha don ta rufa wa kanta asiri. Wasu sai su ce ba ta da godiya. Wallahi ba haka ba ne, nauyin da ke kanta ya fi yunwa hana barci.

Addininmu bai bar wannan a baya ba. Cikin mutane kashi takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Me zai hana idan an kai abinci a zauna minti goma, a keɓe, a tambayi mutum wa ke binsa kuma nawa? Sau da yawa kuɗin da zai goge sunansa a littafin mai shago bai kai kuɗin buhun ba.

Daga nan sai shawara. Mai tuyar awara ko ƙosai ba lacca take buƙata ba, a nuna mata yadda za ta ware uwar kuɗi daban, riba daban, kada cefanen gida ya cinye jari. A ja kunnen samari kan manhajojin ba da rance na waya, masu kuɗin ruwa mai yanka wuya, masu tona asirin mutum ga duk lambar da ke wayarsa. Muna da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da suka yi ritaya a unguwar nan, awa ɗaya a mako ta ishe su su ba da irin wannan shawara. Kuma don Allah a rage ɗaukar hoton mai karɓa, da yawa kunyar kyamara ce ke hana su fitowa.

Gwamnatin Malam Dikko Radda ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi, shi kansa ya taɓa shugabantar hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN, ya san darajar ƙaramin jari. Ƙungiyoyinmu su je wa hukumar zakkar da sunayen masu bashi da aka tantance, tare da liman da mai unguwa a matsayin shaidu. Kai da ke da niyyar sayen buhu biyu a bana, sayi ɗaya, ka je wurin mai shagon layinku da kuɗin ɗayan, ka ce ya buɗe maka littafi.