Kishin Ƙasa ko Kishin Kasa?

Duk wanda ya tsaya gaban wannan bango a makon bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba zai tuna kanun da muka liƙa. Kwana biyu muka yi muna fama da shi. Mun zaɓi haruffan nan masu faɗi da ake zana gefensu kawai a bar cikinsu fili, irin waɗanda muke gani a allunan shagunan hanyar Kiyawa da jikin manyan motocin kasuwar Shuwarin.

Muna da dalilanmu. Na farko, ba sa shan tawada, ga shi maka biyu kacal ƙungiyarmu ta mallaka. Na biyu, ba sai mai kyan rubutu ba. Rula da murfin gwangwanin madara sun isa: O da'ira ce, A kamar jinkar ɗaki take, E da H kuwa layuka ne miƙaƙƙu. Malamin zane ya ce mana gina harafi da da'ira da layi ba sabon abu ba ne, domin tun 1927 wani Bajamushe, Paul Renner, ya fito da salon Futura a kan wannan tsari. Na uku, filin cikin harafin ya ba ƙannenmu 'yan aji ɗaya aikin yi, suka cike shi da kore da fari.

Matsalar ita ce faɗi. Haruffa goma na KISHIN ƘASA sun cinye kwalin tun daga wannan gefe har wancan. Da muka zo kan Ƙ, babu wurin lanƙwasarta. Muka ɗan ƙyasta mata wani siririn layi, muka ce ai za a gane.

Ba a gane ba. Daga filin taro, malamin Hausa ya ɗaga kai ya karanta da ƙarfi, sannan ya ce, "Yara, wannan macijiyar kuke kishi?" Makaranta ta kwashe da dariya. Mu dai kunya ta hana mu ɗaga ido.

Abin da muka koya shi ne, irin wannan harafi mai shela ne. Aikinsa ya kira mutum daga nesa da kalma ɗaya ko biyu. Bai dace da dogon bayani ba, kuma idan layinsa ya yi siriri, rana da ƙurar hunturu za su cinye shi cikin mako guda. Sannan ba a ƙirƙire shi da Ɓ, Ɗ da Ƙ a rai ba, mu ne za mu nema musu wuri. Lanƙwasar nan ce ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɗaki da daki.

Yanzu kafin mu ja layin farko, sai mun auna wurin lanƙwasa, sannan ɗayanmu ya koma bakin ƙofa ya karanta. Ku duba kanun wannan makon daga can. In kun ga wata macijiya, ku gaya mana kafin Malam ya riga ku.