Wata Yamma a Makarantar Fleisher ta Filadalfiya

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni birnin Filadalfiya na ƙasar Amurka, amma abin da ya fi zama mini a rai ba a zauren taron na same shi ba. A rana ta ƙarshe, bayan la'asar, na gangara kudancin birnin domin in ga tsohuwar kasuwar 'yan Italiya da ke Titi na Tara. Ina cikin zagaya lungunan da ke kewaye da ita sai na tarar da mutane suna ɗuruwa cikin wani gini a Titin Catharine, kowa rungume da faffaɗar takarda ko jakar fenti. Ga masu furfura, ga matasa da kayan makaranta a jikinsu, ga waɗanda daga gani yanzu suka tashi daga aiki. Son sani ya ja ni, na bi bayansu.

Sunan wurin Fleisher Art Memorial. Makaranta ce ta koyon zane da sauran ayyukan fasahar hannu, wadda ba domin riba aka kafa ta ba. Asalinta yana komawa shekarar 1898, lokacin da Samuel Fleisher, ɗan wani gidan Yahudawa 'yan asalin Jamus masu masana'antar zaren ulu, ya buɗe ajin koyon zane kyauta domin 'ya'yan talakawan yankin. Sannu a hankali ajin ya bunƙasa har manya suka shigo. A 1922 ya sayi wata tsohuwar majami'a da ke jingine da makarantar, ya haɗe su wuri guda. Da ya rasu a 1944, sai ya bar dukiyarsa amana domin kada ƙofar ta rufu. Yau fiye da shekara 80 ke nan da rasuwarsa, ƙofar tana nan a buɗe.

Wani ma'aikaci ya zagaya da ni. A ɗaki na farko mutane sun kewaye wani tebur da aka ɗora wa tulu da ƙyalle, kowa yana ƙoƙarin kwaikwayonsu da gawayi. Ba ka jin komai sai ƙarar gawayi a kan takarda. A wani ɗakin ana ginin tukwane, a wani kuma ana sassaƙa zane a jikin katako a shafa masa tawada a buga a takarda. Ya ce mini wasu darussan kyauta ne, wasu kuwa akan biya kuɗi, kuma ba a yi wa kowa jarrabawar shiga.

A ɗakin tukwane na tsaya kusa da wata dattijuwa da yumɓu ya ɓata wa hannu har gwiwa. Da yake hali zanen dutse ne, sai malamin jami'ar da ke cikina ya tambaye ta wace irin takardar shaida za a ba ta idan ta kammala. Ta dube ni da mamaki, ta yi dariya, sa'an nan ta ɗaga karkatacciyar tasar da take ginawa ta ce ga takardarta nan. Kunya ta kama ni, domin na san a wurinmu ɗalibi kan tambayi makin darasi tun kafin ya tambayi abin da darasin ya ƙunsa, kuma mu malamai ne muka koya masa haka.

A hanyar komawa masauki tunanina ya karkata gida. Mukan ce gemu ba ya hana ilimi, amma ina mai gemun zai nufa idan yana sha'awar koyon rini ko dukanci ko zayyana? Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, adon bangon gidajen Zariya bai gama shafewa ba, sai dai sana'o'in gado ne, wanda ba ɗan gida ba da wuya ya sami mai zaunar da shi. Wanda yake da ja game da zanen abu mai rai, to ai babu mai jayayya a kan tukunya da saƙa da kyautata rubutu. Mun kuma ga abin da ɗakin koyo guda kan iya yi: Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar naira 20, gwanar tukwane ce tun a ƙauye, amma cibiyar koyon tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, wadda ta shiga a 1954, ita ta fito da ita duniya.

Abin da Fleisher ya yi muna da sunansa a addininmu: waƙafi. Attajiranmu ba su gaza a wajen kyauta ba, sai dai yawancinta kan ƙare da ƙarewar mai ita. Ɗaki biyu, malami uku daga cikin tsofaffin masu sana'a, da hayar shaguna da aka keɓe domin biyansu, sun isa a fara. Lokacin da na baro Titin Catharine duhu ya riga ya yi, fitilun ɗakunan suna ci, wani sabon rukuni kuma yana hawa matakala.