Kwana Biyu A Nasarawa Burkullu Tare Da Malamin Faransanci

Da hantsi muka tashi daga Gusau, domin direbobin hanyar Gummi ba sa son yamma ta riske su a daji. Mun bi titin Sakkwato har Mayanci, muka karya hagu zuwa Anka, garin Sarkin Zamfara, daga nan muka miƙe yamma. Tsakiyar watan Yuni ne, ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, manoma duk sun zuba wa gabas ido. Bayan mun wuce shingayen jami'an tsaro da dama, muka sauka a Nasarawa Burkullu ta ƙaramar hukumar Bukkuyum ana kiran sallar Azahar.

Abin da ya kai ni shi ne ziyarar yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ke koyar da Faransanci a wata sakandare ta yankin. Ɗalibansa suna kiransa Misiyo, masu tsokana kuma su ce Mushe idan ya ba da baya. Na iske shi a ƙofar gida a kan tabarma, waya a hannu, yana ɗaga ta sama kamar mai neman inda iska ke kaɗawa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ƙanena, yi haƙuri in duba saƙo, yanzu sabis ya dawo." Ya duba, ya ajiye, ya ce babu komai. Wata na huɗu ke nan yana wannan dubawa.

Yaya ya nemi gurbin karatun digiri na uku a fannin Faransanci a jami'o'i uku, biyu a nan gida, ɗaya a Faransa. Ɗaya daga cikin na gida ta riga ta amsa cewa ba ta da malamin da zai duba irin bincikensa a bana. Ɗayar ba ta ce uffan ba. Ta Faransa kuwa ta yi masa ganawa ta intanet, wadda sai da ya je Gusau ya kwana don kada sabis ya yanke ana tsakar magana, aka ce ya saurari sakamako.

Da dare, bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka, na tambaye shi yadda aka yi ɗan Burkullu ya faɗa wa harshen Faransa. Ya ce abin ya samo asali ne a 2010, yana ajin ƙarshe na sakandare. A shekarar ce gubar dalma daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara akalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Motocin likitocin da suka kawo ɗauki suna ɗauke da rubutun da ya kasa karantawa: Médecins Sans Frontières. Ya yi ta tambaya har aka gaya masa Faransanci ne, ma'anarsa likitocin da iyakar ƙasa ba ta tare su, kuma a Paris aka kafa ƙungiyar a 1971. Ya ce ranar ya ji haushin a ce ga rubutu a ƙofar gidansu, shi mai shirin rubuta WAEC, amma sai an fassara masa.

Daga nan ya kama hanya, ga kuma yadda take, ko akwai mai sha'awa a cikinku. Ana iya zaɓar Faransanci a WAEC da NECO. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Bayero ta Kano duk suna koyar da shi. Ɗaliban fannin kan je Ƙauyen Harshen Faransanci na Najeriya da ke Badagiri a Jihar Legas, wanda aka kafa a 1991, su zauna inda ba a magana sai da Faransanci har bakinsu ya faɗa. Bayan digiri na farko da hidimar ƙasa sai digiri na biyu. Sannan ne mutum zai iya tunkarar na uku, wanda a tsarin Faransa shekara 3 ne idan komai ya tafi daidai.

Ya ɗauko wata jaka ya zazzage mini takardun da ya tara. Akwai sakamakon kowane zango na jami'a, da takardar hidimar ƙasa, da wasiƙun shaida daga malamansa na da, da takardar DALF, jarrabawar da gwamnatin Faransa ke tabbatar da ƙwarewar mutum a harshen da ita. Ana rubuta ta a cibiyoyin Alliance Française, kuma akwai ɗaya a Kano. Amma ya ce mafi wuya shi ne tsarin bincike, 'yan shafukan da mai nema zai bayyana tambayar da yake son amsawa, da abin da wasu suka riga suka rubuta a kai, da inda zai samo hujjojinsa. A Faransa sai wani farfesa ya karanta wannan ya yarda zai ja ragamar aikin kafin makarantar ta saurare ka. Yaya ya rubuta wa malamai 11, biyu suka amsa.

Bincikensa a kan littafin Sarraounia ne, wanda Abdoulaye Mamani na Nijar ya wallafa a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa ta yankin Dogon Dutsi, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Yaya yana son ya gano abin da ke samun labarin Hausawa idan aka zuba shi cikin Faransanci: me ya tsira, me ya zube a hanya. Ya ce tarihinmu da yawa yana kwance a wannan harshe. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891 ya rubuta abin da ya gani. Takardun mulkin mallakar Faransa suna jibge a Aix-en-Provence. A Paris ma akwai makarantar INALCO da ake koyar da Hausa.

Washegari na bi shi makaranta. A hanya wani dattijo, abokin mahaifinsa, ya tare mu ya ce, "Dokta, har yanzu ba a kira ba? Wai mi za ka yi da yaren ga, ga Turanci nan ya ishe mu?" Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ai maƙwabta muke nema wa baki." Gaskiyarsa kuwa. Ƙasashe huɗun da ke kewaye da Najeriya, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk da Faransanci ake aikin ofis a cikinsu, kuma Zamfara kanta ta yi iyaka da Nijar. Ko da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Janar Sani Abacha ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, sai dai har yau makarantu da yawa ba su da mai koyar da shi.

Makarantar su Yaya ma shi kaɗai gare ta. A aji na ga yara sun fi 60, littafi bai kai goma ba, amma da ya shiga suka miƙe suka ce "Bonjour, Monsieur" da ƙarfin da ya tashi tsuntsayen da ke kan rufi. Bayan darasi wata yarinya 'yar aji uku ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in an ɗauke ka, wa zai ƙarasa muna?" Bai ba ta amsa nan take ba. A hanyar komawa ya gaya mini wannan tambaya ta fi shirun jami'o'in hana shi barci. Ya sayar da bijimi ɗaya don kuɗin takardu da tafiye-tafiye, ga iyali, ga shekaru suna ja. In an ɗauke shi, ajin zai zauna babu malami. In ba a ɗauke shi ba, sai ya sake wani zagayen baɗi.

Abin da na lura da shi shi ne bai bar jiran ya cinye masa kwanaki ba. Ya ƙayyade wa kansa duba waya sau uku a rana, ko da yake a gabana ya karya dokar. Kullum bayan Asuba yana karanta shafi goma, yana gyara tsarin binciken bisa abin da jami'ar da ta ƙi shi ta faɗa. Ya kuma ware manyan ɗalibai shida yana ba su darasi na musamman da yamma, yana rubuta musu darussan zango biyu a babban littafi, don su riƙa jan ƙananan in ya tafi. Yarinyar nan tana cikinsu.

Da la'asar muka leƙa gonarsa. Ya yi binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya zauna. Ya tona rami ɗaya ya nuna mini ƙwayar gero tana nan lafiya. Ya ce, "Takarduna ma haka suke. Na binne, saura na Allah. Amma mai binne ba ya komawa gida ya kwanta, gyaran gona yake."

Da safe ya raka ni tasha. Mota na shirin tashi wayarsa ta yi ƙara, muka dubi juna. Ya buɗe, ya yi dariya, ya nuna mini: ɗaya daga cikin ɗaliban nan shida ne ya ari wayar babansa yana tambayar yadda ake cewa damina da Faransanci. Yana tsaye yana rubuta masa amsa motarmu ta kama hanyar Anka.