Hunturun Da Na Raka Oma Bakin Teku

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, in ɗauko biro in ajiye, don ban san yadda za ku ɗauke ni ba. Ko Hajiyarmu sai da aka shekara biyu kafin na iya ba ta shi. To amma tunda baiwar Allahn da na yi tafiyar dominta yanzu ba ta duniya, na ga gara in faɗe shi yadda ya faru, kowa ya yanke hukuncinsa.

A birnin Hamburg nake zaune, can arewacin Jamus, ni da maigidana. Shi karatu ya kawo shi, ni kuma na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Wanda bai yi hunturu a garin nan ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Sanyin da sauƙi, duhun ne matsala. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, wajen ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, a tsakani ma gajimare ya rufe ta. In fita aiki cikin duhu, in dawo cikin duhu. A hunturuna na uku ƙasusuwana suka fara ciwo, ga kasala, ga kuka babu dalili. Likita ya auna jinina ya ce bitamin D ne ya yi ƙasa ƙwarai, wai da hasken rana jiki yake haɗa shi, baƙar fata kuma ta fi farar fata buƙatar rana. Ya rubuta min ƙwayoyi, ya ce in da hali in je inda rana take ko da na sati ɗaya ne. Na yi dariya. Ni 'yar Kano, yau rana ce ta zama maganin da likita zai rubuta min.

Muna da wata maƙwabciya a benen ƙasa, tsohuwa 'yar shekara saba'in da takwas, mijinta ya mutu. Oma nake ce mata, wato kaka da Jamusanci, ita kuma ta ce min 'yata. Ita ta koya min raba shara gida-gida, ni kuma nake ɗauko mata kayan cefane saboda ƙugunta da aka yi wa aiki. Da ta ji maganar likita sai ta tafa hannu. Ta ce ai ita duk hunturu tsibirin Gran Canaria suke zuwa da mijinta, tun da ya mutu kuma ba ta koma ba, don ba ta iya tafiya cikin yashi sai da mai riƙe ta. In na yarda in raka ta, ita za ta biya kuɗin masauki. Ta ƙara da cewa ita fa 'yar FKK ce, ko zan damu? Wallahi na zaci sunan kamfanin shirya tafiye-tafiye ne. Na ce me zai dame ni? Maigida ya amince, muka tashi a watan Fabrairun 2020.

Tafiyar wajen awa biyar ce a jirgi. Tsibiran Kanari mallakar Sifaniya ne, amma a gefen Afirka suke cikin tekun Atlantika. Mafi kusa a cikinsu bai fi kilomita 100 daga gaɓar Maroko ba, alhali tsakaninsu da uwar ƙasar ya haura kilomita 1,000. Shi ya sa lokacin da ƙanƙara ke zuba a Turai, su can rana ce tas, Turawan arewa kuma su yi ta kwarara kamar tsuntsaye masu gudun sanyi. Muka sauka a Maspalomas, a ƙarshen kudancin tsibirin. Da na buɗe taga da safe na ga tuddan yashi jere har bakin ruwa, sai ƙwalla ta zubo min. Na ji kamar an dawo da ni gida.

Bayan karin kumallo na saka doguwar rigata da hijabi, na yafa mayafi, na riƙe hannun Oma muka bi gaɓar teku daga wajen doguwar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda aka fara kunnawa tun 1890. Da farko iyalai ne da yara, kowa da kayan wankansa, wannan na saba gani. Muka yi nisa, mutane suka ragu. Can na hango wani dattijo yana tahowa, kansa da malafa, ƙafarsa da takalmi, tsakanin malafar da takalmin kuma babu komai. Na ce innalillahi, mahaukaci! Na ja hannun Oma don mu kauce masa. Ina waigawa sai na ga ashe gaba ɗaya wajen haka suke, maza da mata, wasu a kwance, wasu na karanta jarida, wasu na ɓare lemo. Oma kuwa ta shimfiɗa tawul ta fara ɓalle maɓallin rigarta.

Mai karatu, ban san lokacin da na sake ta ba. Na juya na kama hanya, ƙafata na nutsewa cikin yashi, jikina na ɓari. Sai da na kai hasumiya sannan na tuna tsohuwar nan ba za ta iya dawowa ita kaɗai ba. Na tsaya na fi rabin awa ina shawara da zuciyata. A ƙarshe na koma, idona a ƙasa, na ce mata ta saka kayanta mu tafi. Har muka isa masauki babu wanda ya ce uffan.

Ku fahimce ni. A inda na tashi, mutum uku ne ake gani tsirara: jariri, mahaukaci, sai gawa a hannun masu wanka. In aka ce wane ya yi wa wance tsirara, an gama wulaƙanta ta ke nan. Addu'ar da ta fi yawa a bakin iyayenmu ita ce Allah ya rufa asiri. To ga mutane da hankalinsu, da kuɗinsu, sun biya jirgi takanas don su zo su tuɓe.

Da daddare Oma ta haɗa shayi ta kira ni. Ta ce ita ba ta yaudare ni ba, ta faɗa min, ta zaci na gane. Sai a lokacin na san FKK taƙaitawa ce ta wata kalmar Jamusanci mai nufin al'adar sakin jiki babu sutura. Ta ce abin ya samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka cika birane da hayaƙi da tarin fuka, wasu suka ce maganin shi ne iska da rana su taɓa fata. A 1920 aka ware musu gaɓar teku ta farko a hukumance a tsibirin Sylt. Ita a Rostock ta girma, cikin tsohuwar Jamus ta Gabas, inda gwamnatin gurguzu ta hana abin a 1954, jama'a suka ƙi bari, ala tilas ta janye a 1956. Ta ce, "'Yata, a ƙasar da ake sa wa kowa ido, bakin teku ne kaɗai wajen da shugaban masana'anta da mai shara suke zama ɗaya. Babu kwat, babu lambar jam'iyya a ƙirji."

Na ce, "Oma, mu ma muna da wajen da sarki da talaka suke zama ɗaya, amma mu sutura iri ɗaya ake sakawa. A aikin Hajji kowane namiji ƙyalle biyu farare yake ɗaurawa." Ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta ce ashe gari ɗaya muka nufa, hanya ce kowa da tasa. Na ce a'a, ban yarda gari ɗaya ba ne. Ta ce to ta ji.

Daga nan sai ta faɗa min abin da ban sani ba duk zamanmu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an cire mata nono ɗaya saboda cutar daji. Ta ce a wajen ninƙaya na cikin gari, ko da kaya a jikinta, sai ta ga idanu na auna ƙirjinta. A waccan gaɓar kuwa kowa da nasa tabon, wani na tiyatar zuciya, wata na haihuwa, babu mai kallon wani. Mijinta ne ya riƙo hannunta ya kai ta wajen bayan aikin, ranar ce ta fara daina jin kanta rabin mace. Ta ce so take ta je sau ɗaya kafin ta bi shi.

Daren nan ban yi barci ba. Na kira maigida na zayyana masa komai, ina jiran ya ce in hau jirgin gobe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke da kike yi wa tsofaffi wanka kullum a wajen aiki, ya kike yi da idonki?" Na ce kawar da shi nake yi, in rufe inda ban kai ba da tawul. Ya ce to alƙawari kika ɗauka, ki kai ta ki dawo da ita, ki tsare kanki.

Haka muka yi. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka ɗaura, amma ni ban cire ko ɗan kunne ba. Kullum in kai ta har inda za ta shimfiɗa tawul, in koma baya can gindin tudu, in kafa lema, in juya wa teku baya ina karatu, tafin hannuna da ƙafata na shan rana. In ta gama ta shirya sai ta kira ni. A nan na fahimci suna da dokokinsu: ba a ƙura wa mutum ido, ba a ɗaukar hoto, ba a zama sai a kan tawul ɗin kai. Yawancinsu tsofaffi ne, irin waɗanda nake juyawa a gado a Hamburg. Ba kuma zan ce duk wanda ke wajen zuciyarsa fara ce ba, don Oma da kanta ta gargaɗe ni kada in kutsa can cikin tuddan, akwai masu zuwa da wata manufa.

Wani abu dai ya tsaya min a rai. Shekara uku ina shan kallo a bas da jirgin ƙasa saboda hijabina, har tsaki an taɓa ja min. A wannan gaɓar ni kaɗai ce mai sutura daga kai har ƙafa, amma babu wanda ya kalle ni sau biyu. Runtse idon da aka koya min a islamiyya, ban taɓa aiki da shi kamar wannan satin ba, su ma kuma shi suka yi min.

Ranar Asabar 22 ga wata sai sama ta rikiɗe ta yi ja. Iska mai zafi ta taso daga Sahara ɗauke da ƙura, su suna ce mata kalima. An rufe filayen jiragen sama na tsibiran, namu tashin ma sai da aka ɗaga. Turawa suka rikice, ni kuwa na ce ai hazo ne, ɗan garinmu ne ya biyo ni. Gaɓa ta watse, waɗanda jiya ba sa son ko zare a jikinsu yau sun naɗe fuska da tawul. Oma ta fara tari. Na jiƙa tsumma na toshe ƙasan ƙofa, na shafa mata man kaɗanya a hanci da leɓe, na cire mayafina na naɗa mata, ido kawai a waje. Ta kalli madubi ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ɗauke ta hoto, wannan dai dokarsu ba ta hana ba.

Muna dawowa da 'yan makonni korona ta rufe duniya. Oma ba ta sake ganin tsibirin ba, ta mutu a hunturun 2021. 'Yarta ta hawo bene ta miƙo min mayafina a ninke, ta ce a ƙarƙashin matashinta aka same shi.

Da na je gida hutu na daure na ba Hajiya labarin, kaina a sunkuye. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke kin rufe naki?" Na ce na rufe, Hajiya. "Kin kalli nasu?" Na ce na farko dai ya faɗo min a ido, daga nan na kiyaye. "Tsohuwar fa, kin dawo da ita lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To, Allah ya shirye su, ya shirye mu. Miƙo min goron can."

Har yau ban ga kyan al'adar nan ba, kuma ba zan ba kowa shawarar zuwa wajen ba. Abin da har gobe yake sa ni jin kunya shi ne rabin awar nan da na bar tsohuwa mai ciwon ƙugu ita kaɗai cikin yashi. In kuna ganin na yi kuskure da na koma, ku faɗa min, ina saurare. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.