Lahadi a Bakin Dajin Kamuku

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari tafiyar kusan kilomita 120 ce, ta Buruku da Udawa da Kuriga, amma an yi shekaru direba ba ya hawa wannan titi sai ya nemi gafarar iyalinsa. Motoci su taru a jira rakiyar sojoji, wani lokaci har rana ta faɗi. Ni na bi hanyar ne bayan sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta Uba Sani ta yi da 'yan bindiga a ƙarshen Nuwamban 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari. Manyan motoci sun dawo, masu gasa masara sun dawo bakin titi. Kangaye kuwa suna nan, ciyawa ta cinye tsakar gidajen da a da ake daka a cikinsu.

Dajin shi ne tushen labarin. Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara da dazuzzukan jihar Neja, ya zama mafakar masu garkuwa da mutane. Masifar da ta fito daga cikinsa ba ta tambayi addinin kowa ba. A Dogon Dawa a 2012 masu sallar asuba aka kashe. A Gwaska a watan Mayun 2018 an rasa rai fiye da 40. A Kuriga, ranar 7 ga Maris 2024, 'yan makaranta aka kora cikin daji. Mu Musulmi, da muka fi yawa a masarautar Birnin Gwari, muna da abin da muke jingina da shi. Abin da ban taɓa gani da idona ba shi ne yadda maƙwabtanmu Kirista, Gbagyi da sauransu, suke ɗaukar nasu nauyin.

Wani abokin karatuna ne ya gayyace ni ƙauyensu, ranar Lahadi kuma ya shimfiɗa mini benci a bayan majami'a. Ginin ƙasa ne da rufin kwano. Da Hausa ake sujada, daga Littafi Mai Tsarki da aka fara buga shi cikakke da Hausa tun 1932. Matan Zumunta, cikin zani iri ɗaya, suna kaɗa tulu da caki.

Da aka zo lokacin addu'a, wani dattijon ikkilisiya ya tashi da takarda ya karanta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Bayan kowane suna jama'a su amsa da amin. Sai aka buɗe lokacin shaida. Wata mata da ta yi watanni a hannun 'yan bindiga ta tsaya a gaban kowa ta faɗi yunwar da ta sha da tafiyar dare ba takalmi. Inda murya ta ƙi fita, mata biyu suka taso suka riƙe ta, suka ɗauki waƙa har ta samu numfashi. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru, ba wanda ya sunkuyar da kai don kunya a madadinta.

Wannan ya ratsa ni ƙwarai. A ƙasar Hausa mun san darajar haƙuri, amma sau da yawa mukan mayar da shi haɗiye magana, musamman ga macen da ta dawo daga daji, wadda ake bi da kallo da raɗa. A nan na ga an ba baƙin ciki wuri da lokaci, an bar shi ya yi magana a gaban Allah da mutane.

Bayan an tashi na gaida faston. "Sannu da zuwa, Malam, ka sha hanya," ya ce, ya sa aka kawo kunu. Ya bayyana mini cewa kuka ba baƙo ba ne a littafinsu: Zabura cike take da koke-koke, akwai littafi guda mai suna Makoki, ga labarin Ayuba, kuma Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru. A bangaskiyarsu gicciye ne ya riga tashi daga matattu, don haka begensu bai dogara ga mantuwa ba. Ya tuna mini da ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist da aka sace a Damishi ranar 5 ga Yulin 2021, da yadda iyaye suka riƙa taruwa a harabar makarantar suna addu'a, da Michael Nnadi, ɗan shekara 18 mai karatun zama fada a Kakau, wanda aka kashe a farkon 2020, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azin jana'izarsa. Waɗannan sunaye, in ji shi, sun zama na kowace ikkilisiya a jihar Kaduna.

Gafara ita ce mai wuya, kuma ba su ɓoye mini ba. Tun da aka yi sulhu, mutum kan iya cin karo a kasuwa da wanda ya karɓi kuɗin fansar ɗansa. Wani tsoho ya ce yana roƙon Allah kullum ya cire masa ɗacin zuciya, amma yafewa ba ta hana shi son a yi shari'a. Na girmama wannan gaskiyar fiye da duk wani daɗin baki.

Da la'asar kwamitin ikkilisiya ya zauna ƙarƙashin mangwaro a kan baikon ranar. Da irin wannan baiko ne a baya suka haɗa kuɗin fansa, bayan an sayar da masara da babura. Yanzu lissafin iri da taki ake yi domin gwauraye da marayu kafin damina ta sauka. A cikin jerin akwai gidaje biyu na Musulmi da suka gudo daga ƙauyen gaba, kuma samari suka tsayar da ranar Talata don gayyar sharar gonakinsu.