Ba a Fara Gini Daga Rufi

Mu da muka zauna ajin koyon ƙera manhajar kwamfuta a jami'a, mun shiga ne da zumuɗin ganin ranar da za mu haɗa abin da zai yi aiki a wayar salula. Sai malamai suka tarbe mu da takarda da alƙalami. Watannin farko duk lissafi ne da algoritim, wato jerin matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Alkawarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Wanda ya kasa bayyana da baki yadda za a jera sunaye ɗari bisa tsarin haruffa, ba Java ko Python ne za su fisshe shi ba.

Daga nan aka koya mana ladubban sana'ar. Da farko a zauna da mai aikin, a ji ainihin buƙatarsa, a rubuta. Sannan a zana tsari, a kasa aikin gida-gida yadda gyaran wani sashe ba zai rushe wani ba. Bayan haka a gwada, a sake gwadawa, a kuma adana tarihin kowane canji domin wanda zai gaji aikin.

Mun gane dalilin wannan tsanani ranar da aka ba mu labarin rokar Turai, Ariane 5. A ranar 4 ga Yunin 1996 ta tarwatse a sararin Giyana ta Faransa, ba ta ko cika minti ɗaya da tashi ba. An ɗauko umarnin da ya yi aiki lafiya a Ariane 4, ba a gwada shi da yanayin tafiyar sabuwar rokar ba, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Aikin shekaru ya zama toka.

Tun fitowar ChatGPT a 2022, ɗalibi na iya samun shafukan umarni cikin daƙiƙoƙi. To amma wa zai tantance daidai da kuskure a ciki, in ba mai tushe ba? Albashin ma'aikata, bayanan marasa lafiya, da kuɗin da ɗa ke turo wa mahaifiyarsa ta waya, duk a kan irin wannan aiki suka rataya.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan shekara ta zagayo yaronku bai nuna muku wata manhaja ba sai littattafai cike da zane da lissafi, kada ku ce ɓata lokaci yake yi. Ku tambaye shi yadda yake gwada aikinsa, da wanda ke duba masa. Ku kuma ƙannenmu, ku yi haƙuri da takarda da alƙalami, domin sannu ba ta hana zuwa.