Sharuɗɗan kwas ɗinmu na intanet da dalilansu

Waɗanda suka yi rajistar kwas ɗin dabarun gudanar da ayyuka da muke yi ta intanet sun riga sun ga takardar sharuɗɗa, kuma tun ba a buɗe darasin farko ba ƙorafi ya fara shigowa waya: "Malam, wannan ai dokar soja ce." To, bari in yi bayani a nan kowa ya gani, har da masu niyyar shiga baɗi.

Mu fara da lokaci, don a nan aka fi yaudarar kai. Mutane da yawa suna zaɓar karatu daga nesa ne da tunanin ya fi sauƙi. Abin da ya rage maka kuɗin mota ne da zaman aji, aikin kuwa yana nan yadda yake. Ma'aunin da jami'o'in Amurka ke bi shi ne kowace awa ɗaya ta darasi tana buƙatar wasu awa biyu na karatu a gida, wato kwas irin namu zai ci maka kusan awa 9 a mako. Akasarinku ma'aikata ne, akwai masu shago, akwai masu goyo. Kowa ya zauna da takarda ya nemo inda awannin nan za su fito kafin mako na uku, don a makon ne lissafi ke fara shigowa, kuma wanda ya zo shi da bashin karatu da wuya ya farfaɗo.

Sai wa'adin miƙa jinga, wanda ya fi komai jawo mini baƙin jini. Abin da ke ba ni dariya shi ne dalilin dokar yana cikin kwas ɗin kansa. A 1909 wani injiniyan ƙasar Denmak, Erlang, da ke aiki a kamfanin tarho na Kwapanhagan, ya fara lissafin yadda layi ke taruwa idan masu kira suka fi layukan waya yawa. A 1961 kuma John Little ya tabbatar da ƙa'idar da za ku haddace a mako na biyar: yawan abin da ke jibge a layi daidai yake da saurin shigowarsa a ninka da daɗewar da kowane ɗaya ke yi. Ku ɗora wannan a kaina. A ce ku 120 ne, kowace jinga tana cin minti 15 kafin in karanta in rubuta gyara, awa 30 ke nan. Idan duk sun shigo tare, zan tsara makona in gama, ku ga makinku kafin jinga ta gaba. Idan kuwa suna ɗigowa, yau uku, jibi bakwai, ba zan iya sakin amsoshi ba saboda waɗanda ba su miƙa ba, sai wanda ya yi nasa a kan kari ya zauna jiran wanda ya makara. Eliyahu Goldratt ya rubuta littafi guda, The Goal, a 1984, a kan cewa kowane tsari yana da wuri ɗaya da aiki ke maƙalewa, kuma saurin wurin nan shi ne saurin tsarin baki ɗaya. A wannan kwas ɗin wurin ni ne, mutum ɗaya da ido biyu.

Amma ban yarda da malaman da ke kwaso dokokin jami'o'in waje su liƙa mana yadda suke ba. A can za a rubuta ƙarfe 11:59 na daren Lahadi, ka wuce da minti ɗaya an rufe. Wanda ya tsara haka bai san a ɗauke wuta kwana uku ba, bai san sabis ya ɓace kana tsakiyar ɗora fayil ba, bai kuma sayi data ba bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Shi ma ilimin da muke koyarwa cewa ya yi inda abubuwa ba su da tabbas dole a bar rara, ko ta kaya, ko ta ma'aikata, ko ta lokaci. Don haka na bar ta lokaci: bayan wa'adi akwai awa 24 da ba na tambayar kowa dalili, ba na kuma rage maki. Bayan nan sai ragi ya fara. Darasi kai tsaye ba ya faɗawa lokacin Juma'a ko Magariba, ana naɗarsa ga wanda bai samu shiga ba, bidiyoyin kuma gajeru ne don kada su cinye muku data. Sai dai rarar nan ta ranar matsala ce. Wanda ya mai da ƙarshen rarar wa'adinsa na kullum, ranar da wuta ta ci amanarsa ba shi da sauran mafaka.

Sharaɗin da na fi so a kiyaye shi ne wanda aka fi tsallakewa: ka sanar da ni matsala kafin wa'adi. Masana'antun Toyota sun yi suna da wata igiya da suka rataya a saman layin haɗa motoci. Ƙaramin ma'aikaci ya ga kuskure, sai ya ja, shugaban sashe ya zo, in ta kama a tsayar da layin. Ba a hukunta shi, don sun gane gyara a wurin ya fi arha a kan a gano shi bayan mota ta fita. Mu kuwa kunya ke cutar mu. Ɗalibi yana jinyar mahaifiyarsa a asibiti, ya yi shiru mako uku, sai bayan an fitar da maki ya turo doguwar wasiƙa. Da ya rubuto layi biyu tun farko, da an sama masa hanya. Ni ma akwai doka a kaina: saƙon da ya shigo ta adireshin kwas zan amsa cikin awa 48. Na WhatsApp ƙarfe ɗaya na dare ba ya cikin alƙawarin.

Babban aikin zango ba a kwafo shi daga ko'ina. Kowa zai zaɓi wurin aiki na gaske kusa da shi, gidan burodi, injin niƙa, wurin yankar kati a asibiti, ko shagon tela gab da sallah, ya tsaya da agogo ya auna. Wata ɗaliba ta taɓa yin nata a gidan burodin unguwarsu. Mai gidan yana ta shirin ƙaro masu kwaɓi, ita kuwa ta turo hoton farantan ƙullu jere a ƙasa, an rufe su da leda, sun kumbura suna jiran tanda. Ta ƙirga nawa tandar ke ɗauka a zubi ɗaya da mintocin da take yi, ta nuna masa ko mutum goma ya ƙaro burodin da ke fita ba zai ƙaru ba. Irin wannan nake nema.

Nan ne ma maganar ChatGPT ta shigo. Ban hana ba. Ka tambaye shi ya sake maka bayanin abin da bai zauna ba, ka kuma rubuta a ƙarshen aikinka cewa ka yi amfani da shi. Amma alƙaluman dole su zama naka, kuma zan kira kowa a waya na 'yan mintoci in tambaye shi yadda ya auna. Wanda bai je wurin ba, tambaya ta biyu ke tona shi.

Aikin rukuni kuwa har yanzu ban gamsu da yadda ake raba makinsa ba, don kullum akwai mai ɓatan dabo sai ranar rubuta sunaye. A bana kowane ɗan rukuni zai ba 'yan uwansa maki a asirce, mu ga abin da zai haifar. Jinga ta farko mai sauƙi ce: ku turo jadawalin makonku, ku nuna mini inda awa taran nan suke.